Birkin Bayan Motar Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa albarka a neman da ya kai ka nesa da mu. Mu nan lafiya lau, sai dai gajiya. Hawan jinin Mama ya sauka, tana shan magani in an tsaya a kanta. Maigidana har yanzu yana can inda aka tura shi aiki, sai ƙarshen wata muke ganinsa. Na zaɓi in rubuto maimakon in kira ka ne saboda ka san gidan nan, da na kara waya a kunne Baba zai bayyana a bakin ƙofa yana tambayar da wa nake magana.

Maganar kayan birkin da ya ce ka nemo masa ce ta sa na zauna rubutu. Ya gaya maka ya bugi ƙyauren gida da mota. Abin da bai gaya maka ba shi ne ba wannan ne karon farko ba, kuma ranar yarana suna kujerar baya, daga makaranta ya ɗauko su. Ba wanda ya ji ciwo, fitila ce kawai ta fashe. Tun kafin ya fito daga motar ya yanke hukunci, wai birkin baya ne ba ya kamawa. Na ce a kira makanike, ya dube ni kamar na zage shi. Wai mutumin da ya tsufa a kan sitiyari ba zai kai motarsa wurin yaran da ya girmi iyayensu ba.

To, tunda ba ka nan, ni na gaji kujerarka. A tsakar gida nake yini, ɗinkin mutane yana jirana a kan keke. Muka tokare tayoyin gaba da duwatsu, muka ɗaga bayan da jak, ni ce mai kwance notuna da sifana, shi ne mai faɗa. Ya ciro kwanon ƙarfen da ke rufe birkin, ya shafa cikinsa da yatsa ko zai ji zane, ya ji shi sumul. Ya duba shu ɗin da ke kama kwanon, da sauran namansu. Ya leƙa ko mai yana yoyo, ko'ina a bushe. Ya ja birkin hannu, ya kama gam. Sai ya ce lalle iska ce ta shiga bututun mai. Haka na zauna a kujerar direba ina takawa ina riƙewa, shi yana ƙasa yana buɗewa yana rufewa yana mini tsawa, har cinyata ta yi tsami. Wallahi na gaji, Yaya, har yau farcena baƙi ne da giris. Mama kuwa tana daga inuwa tana cewa mu ƙyale motar ta huta, ko ita ma kunnenta ya huta.

Makon jiya ya ce gwaji ɗaya ya rage, wanda ya koya maka kana yaro: mutum ɗaya ya taka birki, ɗaya ya juya tayar da hannu. Ya shiga ya zauna, ya ce ya taka. Na kama tayar, ta ɗan cije, sai ta juya. Ya tambaya ko ta kama. Na so in ce ta kama ko na samu in huta, amma na tuna yaran nan a kujerar baya, na ce ba ta kama ba. Har daɗi ya ji, ya ce ai dama ya faɗa. Da na zagayo in miƙa masa ruwa, idona ya sauka kan ƙafarsa. Gefen takalminsa ne kawai a kan birkin, sauran yana danna ƙasan mota, jijiyar wuyansa ta miƙe, shi a ganinsa ya take har ƙarshe. Ka tuna likita ya ce ciwon sugan nan nasa zai iya kashe masa tafin ƙafa. Ashe shi ya sa takalmi yake fita daga ƙafarsa yana tafiya bai sani ba.

Na dai ce mu yi musanya. Na taka, ko ƙarfi ban sa ba. Ina hangensa ta madubi ya kama tayar da hannu biyu, ya sa ƙirji, ko motsi ba ta yi ba. Ya ce in saki, ta juya. Ya ce in taka, ta tsaya. Muka yi ta maimaitawa. Ya zauna a kan benci ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma, hannun da babu sauran datti a jikinsa. Tausayinsa ya kama ni har na kasa fitowa daga motar.

Da na tashi zan sauke jak, ya ce a'a. Ya sa na kwance tayar, muka ɗora motar a kan katako, aka kai tayar ɗakin ajiya. Tun ranar duk maƙwabcin da ya tambaya sai ya ce wani ƙarfe ne ya lalace, ba a samunsa a nan, ɗansa ne zai aiko. Yanzu ni nake raka yara makaranta, asibitin Mama kuma motar haya muke shiga, aiki ya ƙaru amma ina barci da hankali kwance. Jiya da safe ya iske ni a kan keke, ya jefa makullin motar cikin gwangwanin maɓallaina, ya ce, "In kin rubuta wa yayanki, ki ce masa kada ya yi gaggawar kayan nan."

Saboda haka kada ka saya, kada kuma ka ce masa ba za ka saya ba. In ya kira ka, ka ce ana nema.

Ka gaishe mini da matarka da yara, musamman takwarar Mama. Mama tana gaishe ku, ta ce ka riƙa cin abinci a kan lokaci. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka,
mai taka wa Baba birki