Hannun Saratu

Talata, bayan isha'i, Dingyadi.

Raina a jagule yake. Tun da aka raba mana karatu, wani a aji wani ta waya, nake tura wa ɗalibaina darasi da yamma. Yau Saratu ba ta zo ba. Ashe jiya ta hau katangar gidansu neman sabis don ta saurari darasina, ta faɗo, hannun dama ya karye.

Na je dubiya. Babanta ya ce, "Malama, karatun da ke sa ɗiya hawan katanga, mun yahe shi."

Saratu kuwa daga kwance take tambayata ko za a bar ta ta rubuta jarrabawa da hagu. Na ce za a bari, alhali ban tambayi kowa ba.