Rautar Tana Kunne, Yaya

Yaya Sama'ila, sannu da dawowa.

Na koma Zariya wajen Gambo abokin aikinmu, ba zan iya jiranka ba. Kada ka shiga shago sai ka karanta wannan.

Jiya da la'asar Gambo yana fitar da ado a bakin ƙofar nan ta mutanen garin Taba da rauta, injin nan namu na sassaƙa katako, sai aka ɗauke wuta. Ya ajiye ta bai kashe makunnin ba, bai kuma zare waya ba. Ya ce bari ya canza mata bakin yanka kafin a dawo da wutar. Yatsunsa suna kan ƙarfen aka kawo ta.

Biyu sun tafi, na hannun dama. Daga asibitin Makarfi aka tura mu Zariya. A mota ce mini yake: "Muktar, wallahi ban ji zafi ba, ƙarar kawai na ji." Ni ma ƙarar ce ba ta bar kunnena ba. Ɗazu Inna ta kunna fanka, sai da na duba hannuna.

Wayar kawai na fizge daga bango, na rufa wa rautar buhu. Har yanzu makunnin a kunne yake, na kasa komawa in taɓa ta. Na san halinka, za ka ce a gama aikin mutane yau. Don Allah, Yaya, ka kashe makunnin da hannunka kafin ka jona wayar. Gambo ma sauri yake yi.

Ƙaninka, Muktar