Katakon da Muntaka Bai Ƙarasa Ba

Hajiya Zinariya, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana.

Mijina Muntaka mahauci ne a unguwar Farcha. Gidanmu na unguwar Atrone, ɗaki biyu na ƙasa da kwano, da hannunsa ya gina. Bara gara ta cinye katakon bakin rufin, ruwa ya fara bin bango. Na yi ta masa mita. Wata Juma'a ya dawo a gajiye, ko ruwa bai sha ba, na ce gidan kowa a layinmu an gyara sai namu. Sai ya je ya sayo katako, ya aro tsani. Ya ɓanɓare ruɓaɓɓen, ya kafa rabin sabon, sai ƙafar tsanin ta nutse a laka. Ina wanke-wanke na ji faɗuwarsa.

Wata biyu muka yi a asibiti. Likita ya ja ni gefe ya ce ƙashin baya ne, da wuya ya sake takawa. Ni da yayarsa Hanatu muka ɓoye masa.

Hajiya, sauran katakon yana nan jingine, ya hana kowa taɓawa. Duk safiya in na fito da shi tsakar gida, sai ya ɗaga kai ya ce yana miƙewa zai ƙarasa. Ni kuwa sai in shige madafa in yi kukana. Ga damina ta ƙarato, bangon ɗakin yara ya fara tsagewa. In na kira kafinta zai gane abin da muke ɓoye masa. In na bari, ina tsoron abin da ruwa zai yi. Bai taɓa cewa ni ce sila ba, wallahi da ya faɗa da na fi samun sauƙi. Yaya zan yi?

Mai Nadama, Atrone

'Yata, Allah ya ba Muntaka lafiya.

Kin yi magana cikin fushi, gaskiya ne, amma gyaran da kika nema ya dace, kuma ba ke kika kafa tsanin ba. Ki zauna gabansa sau ɗaya ki nemi afuwar kalamanki, daga nan ki daina hukunta kanki.

Na fahimci ɓoyewar da kuka yi, tausayi ne. Amma mutumin da ya yi watanni ba ya jin ƙafafunsa, ina kyautata zaton ya sani. Wataƙila shi ma ke yake lallaɓawa. Jikinsa ne, yana da haƙƙin ji. Ke da Hanatu ku mayar da shi wurin likita, ya ji daga bakinsa, kina riƙe da hannunsa.

Rufi kuwa ba zai jira ba. Yau ki kwashe yaran daga ɗakin nan. Ki gaya wa maigidan kina jin tsoro, ki roƙe shi ya zaɓi kafinta da kansa. A zaunar da shi a inuwa, shi zai ce a auna, shi zai ce a buga. A duba sauran katakan ko gara ta shige su, a shafa musu baƙin mai, a sa magini ya ɗinke bangon. Gidansa ne har yanzu, ki bari ya ji haka.

Ranar aikin zai yi kuka. Kada ki gudu madafa, ki zauna kusa da shi.

Allah ya sassauta muku, ya sa ku ga bayan damina lafiya.

Hajiya Zinariya