Gidan Wankan da Na Hana Ki Zuwa

Zuwa ga Iya,

Assalamu alaikum. Na san takardar nan ba za ta same ki ba. Ko da kina raye ma ni ce zan karanta miki ita, kamar yadda na riƙa karanta miki komai tun ranar da kika sauka a Kuala Lumpur.

Muna nan lafiya a unguwar Pantai Dalam. Ƙanwata Sajida, wadda kika zo yi wa Mama wankan jegonta har kullen korona ya tsare ki a wurinmu, yanzu tana gudu. Baba ya kusa gama karatunsa. Mun koma makaranta, da takunkumi. Babbar tukunyar da kike tafasa ruwa tana nan a saman kabad, Mama ta hana a dafa komai a cikinta.

Iya, akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Kin tuna lokacin da aka ɗan sassauta kulle, gwiwoyinki suna hana ki sujada? Makcik Salmah, maƙwabciyarmu, ta ba ki labarin gidan wanka irin na Japan a cikin gari, rabi da baki rabi da hannu. Kika yi dariya, kika ce ashe akwai masu hankalin da suka san darajar ruwan zafi ban da Hausawa. Kika miƙo mini waya, kika ce takwara, duba mana ko ana karɓar tsofaffi.

Na duba. Na ce miki ba sa barin mai zane a fatar jiki ta shiga.

Ƙarya na yi miki, Iya. Gaskiya ne gidajen wanka da yawa na Japan suna hanawa, amma wannan ya rubuta ƙarara cewa masu zane su zo. Ɓangaren mata daban ne, kuma suna ba da abin rufe jiki. Duk na karanta. Abin da ya sa na ɓoye shi ne, wata rana da kika raka ni tashar jirgin ƙasa, wata 'yar ajinmu ta ga zanen wuyanki da na hannuwanki, washegari ta tambaye ni a gaban mutane ko kakata 'yar daba ce. Aka yi ta dariya. Na ji tsoron a sake ganina tare da ke, zanenki duk a waje.

Zanen da wanzami ya yi miki kina budurwa. Sau nawa kika ba ni labarin yadda kuka yi layi ku bakwai, ke kaɗai ce ba ki yi kuka ba?

Ba ki yi gardama ba. Kika ce Allah Ya sa haka ne mafi alheri, kika ja mayafi kika rufe damtsenki. A cikin makon kika sa Mama ta sayo miki riguna masu dogon hannu a shagunan titin Jalan Tuanku Abdul Rahman. Cikin zafin garin nan! Ina kallo, na ƙyale ki.

Sai cutar ta kama ki. Ba a bar mu mun wanke ki ba. Baba ya ce taimama aka yi miki a kan ledar da aka naɗe gawarki a ciki. Ke da kika yi wa mata wanka ba iyaka, ba ki sami ko moɗa ɗaya daga hannunmu ba. Na san wannan ba laifina ba ne. Amma wancan wankan fa, wa ya hana ki shi?

Ranar Asabar mun je, ni da Mama, saboda bayanta yana ciwo. Aka auna zafin jikinmu a ƙofa, muka nuna shaidar rigakafi. Kafin a shiga ruwan sai mutum ya zauna a kan 'yar kujera ya wanke jikinsa tas da ɗan kwano, daidai yadda kike zaunar da Mama. Da kin ga wannan da kin ce a wurinki suka koya. Ruwan yana da zafi, amma na san da kin ce bai kai na jego ba.

A gefenmu akwai wata tsohuwa 'yar Sin da zanen kifi tun daga kafaɗa har gwiwar hannu. Ta miƙe ƙafafu, ta lumshe ido, babu wanda ya ko kalle ta sai Mama. Ta daɗe tana kallo, sannan ta juyo gare ni ta ce ashe suna bari.

Na ce wataƙila sun canza doka ne. Ƙarya ta biyu ke nan. Na sunkuya na watsa ruwa a fuskata don kada ta gani.

Tun ranar ba na iya haɗa ido da ita. Mahaifiyarta ce ke. Ban san me za ta ce ba, ban san ko za ta sake yarda da abin da na karanta mata ba. Amma idan na sa hannu a ƙasan takardar nan, kicin zan shiga in miƙa mata. Na fara da ke ne domin ke na fara yi wa ƙarya.

Ki yafe mini, Iya. Zanenki yana da kyau, tun can ma yana da kyau. Allah Ya sanyaya makwancinki, Ya wanke ki da rahamarSa.

Takwararki,
Hauwa'u