Sandar da Aka Kafa wa Taba

Litinin, 3 ga Maris
Ranar Asabar muka binne Ilaitia, ƙanen mai gari. Huhu. Kowa ya san abin da ya ci huhun, ba mai faɗa. Yau maza suka zauna shan yangona, jiƙon saiwar da ake sha a taron gari, don a zaɓi inda za a kafa sandar makoki a teku, a hana kamun kifi a wurin har dare ɗari, kamar yadda ake yi in babba ya rasu. Sai ga Unaisi, matar marigayin, ta shigo a durƙushe. Matar da ko a coci ba ka jin muryarta!

"Ranka ya daɗe, kifi bai kashe mini miji ba. A bar kifi. A kafa wa taba sandar."

Sigari na ta ci a yatsun mutane. Mai gari ya daɗe yana kallon tabarma, sannan ya tafa hannu ya shanye ƙoƙonsa, alamar ya amince. Maza suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, har da mijina Peniasi. Duk wanda ya sha, alkawari ya hau kansa.

Alhamis, 6 ga Maris
Sanda ce fa kawai, da ganyen kwakwa a ka, a tsakiyar gari. Na tsane ta.

Lahadi, 16 ga Maris
Tun ina budurwa nake shan taba. Na ce wa Peniasi ya tuƙa ni a kwalekwale mu fita daga ruwan garinmu, in ja ko sau biyu ne. Ai ni ban sha yangonar ba.

"Na sha miki," in ji shi.

Na wurga masa ludayi. Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Irin na Ilaitia. Ban so rubuta wannan ba.

Juma'a, 4 ga Afrilu
Kelera, nas ɗinmu, ta yi shekaru tana raba takardu masu hoton ruɓaɓɓen huhu, mu kuwa muna fifita da su. Gwamnati ta hana sha a mota, ta tsawwala kuɗi, duk a banza. Yau na same ta tsaye gaban sandar, baki buɗe.

"Gwaggo, me ke cikin itacen nan da babu a karatuna?"

Na ce ban sani ba. Da gaske ban sani ba. Masunta ƙarti suna ta tsotsar rake kamar yara, ana faɗa kan abin da bai kai ya kawo ba, amma ko a gona ba wanda ya kunna. Babu ɗan sanda, babu tara. Ikon Allah.

Talata, 13 ga Mayu
Mun dawo daga asibitin Suva, babban birni, inda aka duba Peniasi. Ba ciwon Ilaitia ba ne, tukuna. Likita ya ce in ya koma sha, kada mu wahalar da kanmu da dawowa. Peniasi sai kallon teku yake a jirgi. Saura wata guda a cire sandar, kuma ina jin tsoro.

Talata, 10 ga Yuni
Dare ɗari ya cika. Zuriyar su Peniasi ce ke cire sandar makoki, don haka shi aka kira. Na ga aljihunan maza a kumbure, an yi tanadin sigari. Ya dafa sandar ya tsaya. Wani ya ce, "Kawu, ko ta fi ƙarfinka ne?" Aka yi dariya.

Sai ya sunkuya ya ɗauki dutse, ya shiga buga ta tana ƙara nutsewa cikin ƙasa. Dariya ta ɗauke. Kowane bugu a ƙirjina nake jin sa. Na ɗauka mai gari zai tsawata, don ba a taɓa yin haka ba. Tafawa ya yi. Unaisi ta rufe fuska da zane. Shekara talatin muna tare da mutumin nan, ashe ban gama saninsa ba.

Asabar, 14 ga Yuni
Kasuwar Suva. Taubashina Waisea ya miƙo mini sigari kara ɗaya.

"Karɓi, tsohuwar bututun hayaƙi, nan ba garinku ba ne. Sanda ba ta da ido."

Na ce, "Kai dai ka ji da haƙoranka. Mu ba ma sha."

Mu. Sai a jirgi na tuna abin da na ce. Ba wai na daina ba ne fa. Hannuna ne cike da kaya.