Chundung Ta Ajiye Farar Riga

Hyattsville, 3 ga Mayu, 1985

Yaya Dorkas,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ya Mama da ciwon ƙafa? Maigidana Gregory na gaishe ku.

Kin tuna maƙwabciyata Noi, 'yar Tailan ɗin nan da barkononta ya sa ni hawaye? Ɗan shagon abincinta ya karɓu. Tebur huɗu ne kacal, amma layi har bakin titi, kowa ya sayi taliyar shinkafa da miyar kwakwa ya tafi da su gida. Ran Asabar in ba ni da aiki a asibiti nakan taya ta. Wai hannuna ya fi na ƙannenta, ni da ban san sunan rabin kayan miyar ba!

Ƙanwarki,
Chundung

Hyattsville, 20 ga Fabrairu, 1987

Yaya,

Ina gaisuwa. Zauna kafin ki karanta. Rassan Noi uku ne yanzu, har garin Manassas, kuma ta ba ni na huɗu a Wheaton: sunanta da girkinta, ragamar a hannuna. Na bar aikin nas. Gregory ya yi kwana biyu yana gunaguni, ran na uku ya ɗauko burushi ya kama fentin shago. Don Allah ki lallaɓa ki gaya wa Mama.

Taki,
Chundung

Jos, 28 ga Maris, 1987

Zuwa ga ƙanwata Chundung,

Bayan gaisuwa, wasiƙarki ta iso. Na karanta wa Mama gaisuwar, sauran kuwa na tsallake. Shekara huɗu kina karatun nas a Vom, duk wanda ya shigo gidan nan sai Mama ta nuna masa hotonki da farar riga, yau kuma in ce mata kin koma bakin tukunya? Tukunyar ma ta wasu? Ki sake tunani tun asibitin ba su manta da ke ba.

Yayarki,
Dorkas

Wheaton, 9 ga Yuni, 1987

Yaya,

Gaisuwa da ban girma. Mun buɗe! Da safe ba wanda ya leƙo, na tsaya ina tuno maganarki. Noi ta ce, "Kunna wuta, ƙamshi zai kira su." Kafin ƙarfe biyu shinkafa ta ƙare. Abokan aikina na asibiti sun zo, 'yan cocinmu sun zo, wani Bature ya sha ruwa kofi biyar ya nemi ƙari. Shekara tara ina aikin jinya, ban taɓa dariya a wurin aiki kamar ranar ba. Martins, wani ɗan garinmu da ke nan, zai zo gida hutu, na ba shi hotuna ya kawo miki.

Ku huta lafiya,
Chundung

Jos, 2 ga Agusta, 1987

Chundung,

Ina gaisuwa. Martins bai same ni ba, hannun Mama ya danƙa hotunan. Ta daɗe tana kallo, ta yi mini faɗan ɓoye-ɓoye, sannan ta ce in rubuta haka: shekara ashirin tana tuyar masa a kasuwar Bukuru, kullum rumfa ɗaya, ba ta taɓa jin kunya ba. Ta ce cokalin da kika riƙe a hoton ya yi ƙarami.

Jiya na raka ta ofishin fasfo. Ki gyara ɗaki.

Yayarki,
Dorkas