Na Ga Mula-mula a Madarumfa

Zuwa ga Gaishata, ɗiyar Abzin, inuwar gawo tsakar rani, dabinon da ba ya ginsa, sanyin randar zuciyata.

Jiya Talata da hantsi, kan marmarar da anka jibge don ginin rijiya bakin tabki, na ga wani tsuntsu. Bai kai dunƙulen hannuna ba. Baƙi ƙirin kamar rinin baba, da farar hula bisa kai, wutsiya fara. Itace ga shi ko'ina, bai kula ba, sai dutse. Ya kaɗa wutsiya, ya saki waƙa siririya kamar ana tsiyaya ruwa cikin gora. Gaishata, hauya ta faɗi daga hannuna!

Kin tuna shekarar fari, da kunka sauka bayan lambunmu? Nan bakin ruwa kinka ce garinku akwai wani tsuntsu, mula-mula, mai waƙa cikin kwazazzaban duwatsu inda babu ciyawa, mai kawo albishir. Ni kuwa, don na girma ina korar tsuntsaye a gero, na ɗauka babu wanda ban sani ba. Gaban 'yan mata na ce ƙarya ce, wane tsuntsu zai ci dutse ya yi waƙa? Sunka fashe da dariya. Ke mai neman abin tunawa da gida, na maishe ki abin ba'a. Wayyo bakina! Kinka ɗauki tulunki ba ki waiwayo ba.

Na ce in yi haƙuri fushinki ya huce. Ina ta haƙuri har ruwa ya sauka, kunka ɗaure kaya. Wane irin haƙuri ne wanga, mai barin mutum da gona cike, zuciya fayau?

Ki gafarta mini, hasken idona. Na ba madugun gishiri takardar nan. In ayari zai dawo da kaka, ki aiko da kalma guda: in turo kawuna neman aurenki wurin mahaifinki, ko in zauna. Ko wace ce, ba ni duban wata.

Na san mai ƙaryata mutane bai cancanci a gaskata shi ba. Amma ba ni kaɗai na ga mula-mulan ba: Shu'aibu masunci yana nan yana ɗinkin koma, da Audu mai ginin rijiya. Da Inde, wadda ta fi kowa dariya ran nan. Ita ta fara cewa ashe gaskiyarki ce.

Naki har tabkinmu ya ƙafe,
Sa'idu
Madarumfa, 1975